Agogon ƙarfen cokali na dala miliyan 31: me ake saya a cikinsa?

Autan Gida: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, don Allah kar a yi mini dariya. Jiya ina latse-latsen waya na ci karo da labarin wani agogon hannu na kamfanin Patek Philippe, Grandmaster Chime sunansa. Wai an yi gwanjonsa a Janeba a watan Nuwamban 2019 a kan faran miliyan 31 na Suwizalan, kusan dala miliyan 31 ke nan. Na zaci zan ga an lafta masa lu'ulu'u ta ko'ina. Ashe gidansa ma ba zinare ba ne, ƙarfe ne marar tsatsa, irin na cokalin gidanmu. Ni kuwa ga Casio a hannuna tun ina aji uku na sakandare, sau ɗaya na canza masa batir, da shi nake alwala, ko gezau. Me wancan yake yi wanda nawa ba ya yi?

Ɗan Canji: Yana gaya wa mutane kana da dala miliyan 31. Naka ba ya iya wannan.

Maman Ihsan: Wa alaikumus salam. Auta, an ba ka amsa, a rufe zance. Ni zinare nake sayarwa. A ɗora a sikeli, a buga giram, kowa ya san inda ya kwana. Hajar da ba ta hawa sikeli tsoronta nake ji.

Injiniya: Auta, kafin a yi nisa ga abin da zai faranta maka: a wajen nuna lokaci daidai, Casio ɗinka ya fi shi. Ba ba'a nake ba. A cikin naka akwai ɗan dutsen kwaz da batir ke kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa guda, shi ya sa kuskurensa a wata bai cika wuce rabin minti ba. Agogo mai inji da ake yi wa wani kuwa, ko wanda hukumar gwaji ta Suwizalan ta ba shaidar inganci, an yarda masa ya yi lattin daƙiƙa 4 ko gaggawar daƙiƙa 6 a rana. A rana fa, ba a wata ba. Masu sayen irin waɗannan agoguna sun san haka sarai, kuma a waya suke duba lokaci kamar kowa.

Autan Gida: To ai ka ƙara rikita ni, Yaya.

Injiniya: Masu wannan harka suna ƙirga duk aikin da agogo ke yi bayan nuna awa da minti a matsayin ƙari ɗaya. Kwanan wata ƙari ne, hoton wata ƙari ne, ƙararrawa ƙari ce. Wanda ka gani ƙari 20 gare shi, fuska biyu, ana juya shi a hannu. Injinsa gutsattsari 1,366 ne, a cikin gidan da faɗinsa bai kai santimita 5 ba. Babu batir, babu waya, babu kwamfuta. Sifirin ne kawai da ƙafafu masu haƙora. Idan ka danna masa wani maɓalli, kwanan wata ma buga maka shi yake yi da ƙararrawa. Amma akwai wanda ya fi ni bakin magana a nan. Baba Mai Agogo, ko kuna kusa?

Baba Mai Agogo: Ina nan, Injiniya. Jikana ne ke rubuta mini, in an ga kuskure nasa ne. Shekarata 46 ina zaune gaban teburin gyaran agogo. Irin na miliyan 31 ban taɓa riƙewa ba, kuma ba na sa rai. Amma na taɓa riƙe mai buga lokaci sau ɗaya, na aljihu, wani dattijo ya gada wajen mahaifinsa ya kawo mini in goge. Auta, ka saurara. A gefensa akwai ɗan ƙarfe da ake turawa da babban yatsa. Turawar nan da ka yi, ita ce ta yi wa wani ƙaramin sifirin wani, nasa daban. Da ka saki, sai wasu hannuwa su faɗa kan wasu faya-faye masu siffar katantanwa, masu matakala, su laluba inda lokaci yake kamar makaho da sanda. Sai 'yan guduma biyu, kowace ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba, su fara dukan wasu wayoyi biyu da aka naɗe a kewayen injin. Murya mai kauri awa ce. Biyu a jere, siririya da mai kauri, kwata ce. Siririya ita kaɗai minti ne. Na kai shi ƙarfe ɗaya saura minti ɗaya na tura, don a nan ya fi daɗewa yana bugawa: awa 12, kwata 3, minti 14. Duka 32 ke nan in ka ƙirga na kwata bibbiyu. Ranar wuni na yi ina turawa ina kara shi a kunne. Ban taɓa masa sukuru ko ɗaya ba. Na ce wa mai shi, Alhaji wannan ya fi ƙarfina, ku mayar da shi cikin tsummansa.

Ɗan Damagaram: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Amma me ya kai su wannan wahala tun farko?

Baba Mai Agogo: Duhu, ɗana. Lokacin babu lantarki, babu fuskar agogo mai haske da dare. Mai kuɗi ya farka cikin dare yana son sanin lokaci, maimakon ya tashi neman wuta ya kunna kyandir, sai ya lalubo agogo ya tura.

Maman Ihsan: Yauwa. Lantarki ya zo, waya ta zo da tocila. Baba, da girmanku, amma wannan kamar mutum ne ya sayi raƙumi da kuɗin jirgin sama don ya je Makka.

Baba Mai Agogo: Hajiya, ai ba ki yi ƙarya ba. Sai dai har gobe sarki na hawa doki ranar sallah, ga motoci a gareji.

Injiniya: Kuma muryar nan ba inji ke saita ta ba. Mutum ne zai zauna da ɗan magagari yana rage wayar kaɗan-kaɗan yana saurare, in ya zarce ta lalace sai ya sake wata. Agogo biyu masu lamba ɗaya ba sa yin murya ɗaya. A Patek, shugaban kamfanin, Thierry Stern, shi da kansa yake sauraren kowane mai buga lokaci kafin a bari ya fita. Ni kuma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne kalanda mai dawwama. Agogon kwanan wata na yau da kullum bai san Afrilu kwana 30 ba ne, kai za ka tura shi gaba sau biyar a shekara. Shi kuwa wannan a cikinsa akwai wani faifai da aka yi wa gurbi 48, kowane wata da gurbinsa na shekara huɗu, zurfinsu ba ɗaya ba. Gurbin Fabrairu ya fi zurfi, na Fabrairu mai kwana 29 ya ɗan gaza shi. Wani dogon hannu ne ke faɗawa cikin gurbin, zurfin da ya samu shi ke gaya masa kwana nawa zai tsallake a ƙarshen wata. Faifan nan zagaye ɗaya yake yi a shekara huɗu, alhali a gefensa balans, zuciyar agogo, na iya bugawa sau takwas a daƙiƙa. Sifirin ɗaya ke ciyar da su duka. In bai tsaya ba, ba zai nemi hannunka ba sai shekarar 2100, don ita ta rabu da huɗu amma Fabrairunta ba zai yi 29 ba.

Ɗan Canji: 2100. Sai a bar wa jika wasiyya: gida na wane, gona ta wane, kai kuma ranar 1 ga Maris ka tura agogo.

Malam na Zaure: Assalamu alaikum. Ina ta karantawa ina shiru. Duk wannan lissafin na watan Bature ne. Akwai wanda ya san Muharram da Safar?

Injiniya: Akwai, Allah gafarta Malam. Kamfanin Parmigiani Fleurier ya yi na hannu mai kalandar Hijira, har ya ci kyautar ƙirƙira a babbar gasar agoguna ta Janeba a 2020. Lissafin shekara 30 yake bi: 19 masu kwana 354, 11 masu kwana 355. Watanni na karɓa-karɓa tsakanin 30 da 29, a shekarun 11 ɗin nan sai Zulhajji ya cika 30. Sunayen watannin da Larabci aka rubuta. Gidansa kuma na filatinam suka yi, ba zinare ba, sun san wa suke so ya saya.

Malam na Zaure: Masha Allah, an yi aiki. Amma ba zai sa in ɗauki azumi ko in ajiye ba. Lissafi daban, gani daban. Agogo ya ce yau 1 ga Ramadan, fadar Sarkin Musulmi ba ta sanar ba, to agogo ya yi azuminsa shi kaɗai.

Ɗan Damagaram: Ai mu sai a yi mana namu daban, Malam. Sau nawa muna shan ruwan sallah a Damagaram ku kuna sahur a Kano?

Autan Gida: Kai Ɗan Damagaram, kar ka tono wannan, sai mu kwana a nan.

Maman Ihsan: Malam, tunda kun shigo, ku faɗa mana gaskiya. Wannan ba almubazzaranci ba ne? Mutane na kwana da yunwa, wani ya ɗaura asibiti guda a tsintsiyar hannu.

Malam na Zaure: Hajiya, abin da ke fili zan faɗa, in bar wanda ba ya fili. Zinare dai an hana namiji sawa, ko zobe ne ko agogo, kuma da yawan waɗannan na zinare ne, wannan babu ja. Son kyakkyawan abu ba laifi ba ne. Amma in don a ga hannunka a raina na wasu ka saya, ka san sunan wannan ba sai na gaya maka ba. In kuma don ka sayar ka ci riba ka ajiye, ya zama hajar kasuwanci, zakka ta hau kansa duk shekara. Zuciyar mai saye kuwa ba ni da madubin Baba da zan leƙa ta.

Injiniya: A yi wa wancan na miliyan 31 adalci guda. Gwanjon da aka sayar da shi, Only Watch, na taimako ne. Kamfanoni ke ba da agogo guda wanda ba a yi irinsa ba, kuɗin ya tafi binciken wata cuta mai cinye naman jikin yara maza, ana ce mata Duchenne. Wani mutumin Monako, Luc Pettavino, ya kafa shi a 2005 saboda ɗansa na fama da ita.

Maman Ihsan: To madalla, Allah ya ba yaran lafiya. Amma ai da ya ba da kuɗin ba tare da an miƙo masa agogo ba. Sadaka da rasit.

Ɗan Canji: Ku bar ni in faɗi abin da na sani, don Baba da Injiniya suna ta yabon haƙora da sifirin kamar su ake biya. Ba su ake biya ba. A 2017 an sayar da Rolex Daytona na ɗan wasan fim ɗin Amurka Paul Newman a kan dala miliyan 17.8 a New York. Ƙari nawa gare shi? Awon tsere kawai, ka danna ya fara ka danna ya tsaya. Injin ma ba Rolex ne suka ƙera ba, daga kamfanin Valjoux suka sayo. Matarsa ce ta ba shi, ta sa aka zana masa 'yar gajeriyar magana a bayansa cewa ya yi tuƙi a hankali. Wannan aka biya. Shi ma wanda Auta ya gani, me ya sa ya ninka 'yan'uwansa na farin zinare sau da yawa, alhali inji ɗaya ne? Don shi kaɗai ne aka yi da ƙarfe. A duniyarsu ƙarfe ya fi zinare tsada in dai shi ne ba ya samuwa. Patek mai lamba 1518 da aka fara a 1941, guda 281 aka yi, huɗu kawai aka sani na ƙarfe, ɗaya ya tashi faran miliyan 11 a 2016. Ƙaranci da suna da labari, su ne kuɗin. Sauran ado ne.

Maman Ihsan: Yau Ɗan Canji ya yi magana. Ƙarfe ya fi zinare. Innalillahi.

Injiniya: Rabin gaskiya ka faɗa. Me ya sa ba a yin gasar nan a kan agogon roba da aka yi guda ɗaya? Sai da aikin ya kasance sannan ƙarancin ya yi daraja. Kuma gasar masu kuɗi ita ta haifi aikin tun asali. Henry Graves, wani mai banki a New York, ya ba Patek aiki a 1925 su yi masa agogon da ya fi kowane ƙari a duniya. Sai 1933 aka miƙa masa, na aljihu, ƙari 24. A bayansa har da taswirar taurari kamar yadda ake ganinsu daga saman gidansa, da lokacin fitowar rana da faɗuwarta a birninsa. Duk da fensir da takarda aka lissafa, babu kwamfuta. Dala 15,000 ya biya. A 1999 aka sayar da shi dala miliyan 11, a 2014 kusan miliyan 24. Kuma ba a daina tseren ba: Patek sun yi mai ƙari 33 a 1989, Vacheron Constantin suka yi mai 57 a 2015, suka sake yin mai 63 a 2024, a 2025 kuma suka fito da na hannu mai 41.

Malam na Zaure: Wato in aka kawo na Graves ɗin Zariya, magaribar New York zai riƙa nuna mana.

Injiniya: Ƙwarai kuwa, sai an sake yanka masa faifai.

Malam na Zaure: To agogon Al-Fajr ɗina da na sayo a Madina ya fi shi biyayya. Ka sa masa gari, ya kira maka salla.

Ɗan Damagaram: Ni turbiyon nake son a yi mini bayani. Kalmar dai na san ta, da Faransanci guguwa ke nan. Wani ɗan'uwana ya nuna mini a bidiyo, abu na juyawa cikin rami a fuskar agogo, ban gane amfaninsa ba.

Baba Mai Agogo: Shi balans, zuciyar agogo, lilo yake yi gaba da baya a kan wani sifirin siriri kamar gashi. Nauyi na jan sa ƙasa. In agogo na tsaye a aljihu wuni guda, gefe ɗaya ake ja kullum, sai ya riƙa gudu ko latti. Breguet, wani gwani a Faris, ya ce to a sa zuciyar duka cikin keji, kejin ya riƙa juyawa sau ɗaya a minti, kowane gefe ya sha jan daidai. A 1801 aka ba shi takardar mallakar dabarar. Na aljihu aka yi wa. Hannu kuwa da kansa yake juyawa, kana cin tuwo, kana tuƙi, kana gaisawa. Gaskiya a hannu amfaninsa kaɗan ne. Kyau ne da nuna gwaninta, don kejin da duk abin da ke ciki ba ya kai giram ɗaya.

Maman Ihsan: Giram ɗaya! Yau ga abin da zan iya aunawa.

Ɗan Canji: Kuma 'yan Sin sun karya masa kwarjini. Kamfanin Sea-Gull na Tianjin na yin turbiyon na gaske a farashin da bai kama ƙafar na Suwizalan ba. Tunda an zo nan, bari in tona wa kaina asiri. Shekarun baya na je sarin kaya waje, wani mai shago ya ja ni ciki ya buɗe durowa, ya ce wannan ba na kowa ba ne. Ga rami a fuska abu na motsi, ga hoton wata, ga kwali har da takarda mai hatimi. Na biya kuɗin da har yau uwargida ba ta san adadinsu ba. Na dawo ina naɗe hannun riga a majalisa. Wata uku ya tsaya. Na kai wa wani mai gyara, ya buɗe, ya dube ni ya dubi agogon, ya ce Alhaji nawa ka ce?

Baba Mai Agogo: Ba sai an buɗe ba ma. Ka zuba wa ramin ido minti ɗaya. In na gaske ne, kejin gaba ɗaya zai zagayo ya dawo inda ya fara. In balans ne kawai ke lilo a wuri ɗaya, taga aka huda maka. Watan kuma ka juya hannun agogo awa 24. In ya fito ya faɗi rana ta biyo shi, dare da rana yake nunawa, ba girman watan sama ba. Na gaske ƙafarsa haƙora 59 gare ta, haƙori ɗaya take matsawa a rana, wata biyu ne a jikin faifan, kowane kwana 29 da rabi.

Ɗan Canji: Baba, ina kuke a lokacin? Rana ce ta biyo shi wallahi.

Autan Gida: Allah ya mayar da alheri, Yallaɓai. Amma in na gaske mutum ya samu, jari ne ko?

Ɗan Canji: Kar ka soma. Waɗanda kake jin labarinsu 'yan ƙalilan ne cikin dubbai. Yawancin masu tsadar, kana fita daga shago sun rage kuɗi, kamar sabuwar mota. A 2021 zuwa farkon 2022 kasuwar ta haukace, Nautilus na Patek na ƙarfe da kamfani ke sayarwa ƙasa da dala 40,000 ya ninka sau uku, sau huɗu a hannun 'yan kasuwa. Kafin shekarar ta ƙare farashi ya juyo ƙasa, waɗanda suka saya a sama suka riƙe kai. Ga kuɗin sabis, duk 'yan shekaru sai an kwance shi an wanke an sa mai, mai ƙari da yawa kuma sai an mayar da shi Suwizalan ya yi watanni. Kuma ka shiga shago da kuɗinka a hannu a ce maka babu, sai ka yi shekaru kana sayen waɗanda ba ka so kafin a ga ka cancanta. Da kuɗinka fa.

Maman Ihsan: Zinare dai ko tsakar dare ka buga mini ƙofa zan saya. Shi ke nan na yi shiru.

Injiniya: Hajiya ba za ki yi shiru ba, mun sani. Amma akwai abin da ba a faɗa ba, kuma shi ya sa nake ganin mutuncin masu tara su duk da haukan farashin. Sana'ar nan saura ƙiris ta mutu. Ranar 25 ga Disamban 1969 Seiko suka fito da agogon hannu na kwaz na farko a Japan. Cikin shekara goma sha biyar ma'aikatan agogo a Suwizalan suka faɗo daga kusan 90,000 zuwa kusan 30,000. A kamfanin Zenith, Amurkawan da suka saye shi suka ba da umarni a 1975 a daina ƙera injin agogon da ake yi wa wani, a sayar da kayan aikin a matsayin bola. Wani ma'aikaci, Charles Vermot, ya riƙa kwashe su a ɓoye da zanensu yana kaiwa saman rufi, ya toshe wurin. Da kasuwa ta juyo aka rasa yadda za a yi, shi ya nuna inda suke. Injin nan ne Rolex suka sa a Daytona daga 1988. Da babu mahaukatan da za su biya, da waɗanda suka iya saita muryar ƙararrawa sun mutu da iliminsu. Can kwarin Joux, inda Audemars Piguet suke tun 1875, manoma ne asalinsu, ƙanƙara ta rufe su wata da watanni sai su zauna bakin taga suna yanka haƙora. Har yanzu akwai irin su Philippe Dufour a kwarin, tsoho da teburinsa, da hannu yake goge gefen ƙarfen da mai agogon ba zai taɓa gani ba in ba an kwance ba.

Baba Mai Agogo: Wannan magana ta taɓa ni, Injiniya. Mu nan babu wanda ya ɓoye mana komai a rufi. Da na fara koyo, layinmu mu goma sha ne, kowa da akwatin gilashinsa. Alhazai su dawo da Rado da Seiko 5 da Orient, ango ba ya shiga ɗaki sai da agogo, lefe ma da na amarya. Maigidana shekara biyu bai bar ni na taɓa balans ba. Farin ƙyalle muke shimfiɗawa a cinya saboda sukuru, don in ya faɗi ƙasa sai ka bi da maganaɗisu kana rarrafe. Lokacin hunturu ba ma buɗe inji a waje, ƙura ɗaya ta isa ta tsayar da shi. Mai kuwa da bakin allura ake ɗiga shi, ka riƙe numfashi. Na taɓa karya wa wani bawan Allah haƙorin kwanan wata, don na tura shi da ƙarfi alhali agogon na nuna sha ɗayan dare, lokacin da ƙafafun suka riga suka kama juna. Maigidana bai zage ni ba, ya ce in zauna in yanko wani daga tsohon inji. Kwana tara na yi. Yau mu biyu muka rage a layin. Batir nake canzawa da maɗauri, wani lokaci in liƙa gilashin waya. Jikan nan da ke rubuta mini ya ce shi gyaran waya zai koya, ban hana shi ba. To in na ji wani a can ya biya dukiya don mutum ya zauna shekara guda yana goge haƙori, ba na jin haushi. Ban san zuciyarsa ba, kamar yadda Malam ya ce. Amma na san wanda ya goge haƙorin ya ci abinci.

Maman Ihsan: Baba kun sa jikina ya yi sanyi. Amma fa mai gogewar ba shi ya karɓi miliyan 31 ɗin ba.

Baba Mai Agogo: Ko kusa, Hajiya. Ko ke ba maƙerin ɗan kunnen ne ke hawa motarki ba.

Ɗan Canji: Baba ya rama!

Maman Ihsan: Na karɓa. Allah ya bar mana ku.

Autan Gida: Jama'a ku tsaya. Maganar Seiko 5 da Baba ya yi ta tuna mini, na tashi na buɗe akwatin marigayi Abba. Ga shi nan cikin kwalin turare tare da carbinsa, gilashin duk ya dushe, ranakun da Larabci. Shekara tara ke nan ba a taɓa shi ba. Na ɗan girgiza shi, wallahi hannun daƙiƙa ya tashi. Yana tafiya yanzu haka, na kara a kunne ina ji.

Malam na Zaure: Allah ya jiƙan Abba, ya kai haske kabarinsa.

Ɗan Damagaram: Amin. Ikon Allah, shekara tara.

Ɗan Canji: Auta, kar ka fara lissafi, irinsa miliyoyi aka yi tun 1963. Ba zai saya maka ko babur ba.

Autan Gida: Wa ya ce maka sayarwa zan yi?

Baba Mai Agogo: Amin. Auta, ajiye shi, kar ka ƙara girgizawa. Man cikinsa ya bushe, in ya ci gaba da tafiya ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Kar ka sa masa man keken ɗinki, kar ka bari wani ya hura masa iska da baki, kuma kar ka yi alwala da shi, robar bayansa ta riga ta mutu. Ka naɗe shi a hankici ka kawo mini ranar Asabar bayan azahar. Gilashin ina da irinsa a gwangwani. Ka zo da lokacinka, don a gabanka zan buɗe shi.